Kwamandan Ruwa na Karu

Allah Ya yi wa Karu baiwa a shekarar 1964, da Ya ba ta Malam Dallatu, gwanin iyo wanda ruwa bai taɓa wuce masa idon sawu ba. Kwas ɗin mako biyu ya je Kaduna, ya leƙa tafkin Turawa ta shinge, ya dawo da usur a wuya da littafi a hammata. Shi ya naɗa kansa Kwamandan Ruwa. Mutanen gari kuwa Kadan Tudu suke ce masa, in ya ba da baya.

Burinsa ɗaya ne a duniya: sufeton makarantu ya ga gasar iyon da ya shirya, a ɗauke shi daga ƙauyen nan a kai shi Jos.

'Ya'yan manoman Gbagyi da na Fulani, waɗanda tun suna rarrafe suke cikin rafi, sai ga su kwance rubda ciki a kan benci, suna iyo cikin iska. Wata guda cur ya hana su taɓa rafin, wai kada ruwa ya ɓata musu salo. Kai, ilimi!

Ranar gasa rafi ya cika ya batse. Kwamanda ya hau turmi, ya kumbura ƙirji, ya dubi sufeto.

"Ranka ya daɗe, yaro ba ya iyo don wasa. Don ɗaukaka yake yi, don ƙasa, don wannan kofi da ke hannuna! Za su je tsakiya, su juyo, su faɗo a gabana."

Ya busa usur. Yara ashirin suka faɗa ruwa tsundum, sufeto har da tafi. Suka kai tsakiya, babu wanda ya ko waiwayo. Ashe a hayin rafin akwai wata ƙatuwar ɗinya, kuma tun fil azal tserensu ke nan: wanda ya riga ƙetarewa shi ke tsince zaƙaƙa. Ga ta wata guda tana zuba ba mai tsinta.

Kwamanda ya busa usur har ya shaƙe. Naomi, wadda ta riga kowa isa, ta ɗago baki baƙi ƙirin.

"Malam, zo mana! Ruwa bai da zurfi, iyaka wuya ne!"

"Shiga ka dawo da su, Kwamanda," in ji sufeto.

Ya tuɓe takalmi ɗaya. Ya tsoma babban yatsa. Ya ce a gaskiya littafinsa bai yarda a shiga ruwa bayan cin tuwo ba.

Sufeto ya jinjina kai, ya ce mai ilimin ruwa irin wannan ba a kai shi kan duwatsun Jos. Takardar canji ta fito cikin mako biyu: wata makaranta can ƙetaren rafin, inda babu gada.

Duk Litinin matan Gbagyi ke ƙetarar da shi a kafaɗa, shi a dama, doya a hagu. Sun ce doyar ta fi shi natsuwa.