Lissafin da Malam Ilu Ya Shanye

"Abin da ya gagari Turawa shekara tamanin, ni zan kwance shi kafin Juma'a!" in ji Malam Ilu na Yakasai, tsohon malamin firamare da ya naɗa wa kansa Farfesa.

Matsalar kuwa, ɗan'uwa, ga ta: ɗauki kowace lamba, in tana rabuwa biyu daidai ka raba, in ba ta rabuwa ka ninka sau uku ka ƙara ɗaya. Ka yi ta yi. Duk wadda aka gwada sai ta sauko kan ɗaya, amma an rasa mai tabbatar da cewa kullum haka ne.

Gogan naka ya kama ashirin da bakwai. Takarda? Ina! Sai a sace masa fasaha. Allunan karatu da ya gada ya jawo, da tawada. Lamba ta yi ta hawa har dubu tara da wani abu, allo na bakwai ya cika.

"Ta tafi ke nan, ba ta saukowa!"

Ya gayyato unguwa ƙofar gidansa ranar Juma'a, har da Malama Hasana mai koyar da lissafi a sakandare. Mu kuwa da ba ma wuce biyu sau biyu muka yi ta yi masa kirari.

Ranar Alhamis ciwon kai ya kwantar da shi. Matarsa Hajo ta ga alluna cike da rubutu, ta ce ai Malam ya haɗa wa kansa magani. Ta wanke su tas a ƙwarya, ta miƙa masa. Ya shanye, har da gyatsa.

Bayan sallar Juma'a aka taru. Farfesa ya ɗaga allo, fari fat. Na biyu ma haka. Gumi ya keto masa.

"Hajo! Ina rubutuna?"

"Wanda ka sha jiya?" ta amsa daga soro.

Malama Hasana ta danne dariya. "Ba komai, Baba. Wace lamba ce?"

"Ashirin da bakwai."

Ta ɗan latsa wayarta. "Ai tana saukowa, a mataki na ɗari da sha ɗaya. Allo ne ya ƙare maka."

"Wayar nan ƙarya take!"

"A'a Malam, yarinyar nan ta yi gaskiya, lissafin yana sauka," in ji Hajo. "Tun asuba sau tara ka ɗauki buta."