Tudun Bakin Layin Su Maryam

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Maryam a Kurmin Mashi ba. Maganar aurenmu duk tana kan wannan zaman, domin an ce Alhaji sai ya ga natsuwar mutum kafin ya ce a turo manya.

Ina karya kwanar layinsu sai na ji ƙuuu! Wani tudun rage gudu ne, ba fenti ba allon gargaɗi, ya kwashe salansar motar (ta yayana ce, aro na yi). Maimakon in damu da mota, sai ciwona ya motsa, wato bin ƙwaƙƙwafi. Aikin wa ne wannan? Na san babbar hanyar Zariya ta tarayya ce, manyan titunan gari na jiha, lunguna na ƙaramar hukuma. To wa ya kamata ya kafa allo a nan?

Da wannan tambayar a bakina na durƙusa gaban Alhaji.

"Yaya hanya?" in ji shi.

Ko yaro ya san amsar "lafiya lau" ce. Ni kuwa sai na gyara zama. Na rarraba masa titunan Kaduna tsakanin gwamnatoci uku kamar mai rabon gado, sannan na ce, "Baba, abin da ya ɗaure mini kai, wace gwamnati ce ta yi tudun nan na bakin layi? Wallahi wanda ya yi shi bai san aikinsa ba."

Alhaji ya dube ni.

"Ni ne gwamnatin," ya ce. "Ni da maƙwabta muka kwaɓa siminti, bayan mota ta buge Maryam tana dawowa daga Islamiyya. Kai mai tambaya, ba ka taɓa tambayar ta tabon goshinta ba?"

Ban taɓa ba. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Asabar na dawo da fenti, na shafe tudun da fari da rawaya, Alhaji yana kan dakali yana kallo. Sai da na gama ya ce in turo manyana.

Har yau in na shiga gidan cewa yake, "Ga ministan ayyuka." Ni kuma na gane gwamnati hawa uku ce a takarda, a unguwa akwai ta huɗu. In ta tambaye ka yaya hanya, ka ce lafiya lau.