Barista Maiwada da Rabin Inji

Duk Ajingi babu wanda ya san doka kamar Alhaji Maiwada. Shekara biyu ya yi yana sayar da ambulan a bakin kotu a Gaya, ilimin shari'a yana shigarsa ta taga. Shi ya sa muke kiransa Barista, shi kuma yana amsawa har da gyaran murya.

Shi da Tukur na Toranke suka ci bashin injin ɓarar gyaɗa a Kano, rabi da rabi. Da suka ɓata, Barista ya biya ragowar bashin, ya girke injin a zaurensa. Duk kaka mata na layi a ƙofarsa, da shi ake cefanen gidan. Tukur ya zo har gida ya ce, "Alhaji, riƙe rabina na injin a madadin kuɗinka, mu rabu lafiya."

Da wani mara ilimi ne, da ya ce to. Barista ya ce, "Tukur, wannan magana ta wuce zaure. Sai a gaban alƙali."

Zama huɗu aka yi, kowane zama Barista da sabuwar hula. Aka ba shi gaskiya: aka ce Tukur ya biya shi rabin bashin. Ranar kasuwa Barista ya karanta takardar hukuncin a rumfar mai shayi, ya karanta wa mahauta, ya tare wani Bafillace da ya zo sayen gishiri ya karanta masa shi ma.

Tukur ya ce ba shi da ko sisi. Barista ya nemi a kama kayansa, ya ɗauko ma'aikatan kotu a motar haya da kuɗinsa, shi a gidan gaba.

A Toranke ya nuna awaki. Hindatu matar Tukur ta leƙo ta ce, "Nawa ne, Alhaji, da kuɗin ƙuli na saye su." Ya nuna tumaki, nata ne. Kaji, nata. Babur na ƙanin Tukur ne, rumbu na tsohonsa.

Ma'aikacin kotu ya ce, "To kai Malam Tukur, me ka mallaka a duniya?"

"Rabin inji, ranka ya daɗe. Yana zauren Alhaji."

Ba a sayar da rabin inji. Dukansa aka fitar aka yi gwanjo, Barista na tsaye yana bayanin cewa haka doka ta tanada. Aka ba shi rabonsa da bashinsa cif. Ya je Kano sayen sabo, ya tarar kuɗin ko na hannu ba su kai ba.

Wadda ta saya a gwanjon kuwa Hindatu ce, ta sayar da awaki da tumakin nan.

Bana Barista ya kai gyaɗarsa Toranke, ya wuce gaban mata zai ajiye buhu. Hindatu ta ce daga bayan katanga, "Alhaji, a bi layi. Kuma ba ma ba da bashi."