Gawar da Ta Yi Mini Godiya

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na ɗaure wa mai rai haɓa ba. Kafin babban yaƙin Turawa ne. Aikina a Makka shi ne ɗaukar tsofaffin alhazai a shibriyya, gadon katakon da ake yi wa marasa ƙarfi ɗawafi a kai. Na ga mutuwa da yawa, don haka nake cika baki cewa daga nesa nake gane ta.

Lokacin ina neman auren Rakiya, 'yar Baba Hamza mai masaukin alhazai a unguwar Misfala. Abu ɗaya yake ƙorafi a kaina, wai ba ni da natsuwa. Ranar ya kira ni ne ya yanke magana, ko a ba ni ko a hana ni.

Cikin baƙinsa akwai Haji Ismet, wani dattijo Musulmi daga ƙasar Romaniya mai magana da Turkanci, yana jiran jirgin ruwan komawa gida. Ashe ɗan wasan kwaikwayo ne. Shekara da shekaru yana hawa dandali a garinsu na bakin teku, ba a taɓa ba shi jarumi ba. Kullum shi ne bara ko mai gadin da ake kashewa tun mutane ba su gama zama ba. Ko a fim sau ɗaya ya fito, nan ma harbe shi aka yi. (Duk wannan daga baya na ji. Mu a Makka ina muka san wata sana'a wai ita mutuwar ƙarya?)

Na hau soro da sabon rawanina, ina tafiya a hankali irin ta masu natsuwa. Daidai lokacin Baba Hamza, wanda ke jin Turkanci, ya roƙi baƙon ya gwada musu aikinsa. Ni dai na ga mutum ya dafe ƙirji, ya yi taga-taga, ya zube.

Na kurma salati. Na ture surukin da nake nema gefe, na shafe wa mutumin idanu, na yage sabon rawanin nan na ɗaure masa haɓa, ina kuka shaɓe-shaɓe.

"Ya waladi, tsaya ɗana..." in ji Baba Hamza.

"Halas, ya ammi! Shi ke nan, baffa, ya cika! Ni na san gawa!"

Na leƙa titi na yi shela a kawo makara. Shi kuwa Haji Ismet ko motsi bai yi ba, daɗi yake ji. Sai da maƙwabta suka cika soron da makararsu, sannan gawa ta tashi zaune, haɓa a ɗaure, ta rusuna wa jama'a.

Masu makara suka watse a guje. Ni ko ƙarfin gudun ban samu ba, na so ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon ya rungume ni yana hawaye na gaske, yana ta magana. Baba Hamza ya fassara, dariya na cin sa: "Wai duk mace-macen da ya yi, yau ne aka fara yi masa kuka."

Na juya zan sulale, na riga na sallama Rakiya.

"Ina za ka, ya shehin gawa?" in ji Baba Hamza. "Natsuwa dai ba ka da ita, wallahi. Amma wanda ya yage sabon rawaninsa don baƙon da bai sani ba, ba zai wulaƙanta mini 'ya ba. Turo manyanka."

Sunan nan ya bi ni har tsufa. Tun daga ranar, kafin in ce wani ya cika, sai na sosa masa tafin ƙafa. Rakiya kuwa, in na yi jinkirin tashi da asuba, sai ta ɗauko ɗankwalinta ta tsaya a kaina, ta ce, "In ɗaure ne, ko za ka tashi?"