Ɗan wasana na Katsina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da shekarar da ɗaliban Najeriya na unguwar Darrasa suka naɗa ni kociyan ƙwallo. Duk shekara ana gasa tsakanin ɗaliban ƙasashen waje da ke Alƙahira, kuma duk shekara a zagayen farko ake koro mu gida. Aka ce ni na fi kowa karanta dabarun wasa (gaskiya ce, domin ba na iya gudu, sai karatu).

Abin da karatun ya nuna mini shi ne, babban kociya a wajen zaɓen 'yan wasa yake cin kofi, tun ba a shiga fili ba. Sai na shiga nema. A unguwar Faisal na tsinci Usman, mai sayar da turare, wanda in ya ɗauki ƙwallo sai dai a bi shi da kallo. Bahaushe ne tsantsa, sai dai Bahaushen Sudan, kuma doka ta ce kowa ƙasarsa zai buga wa.

Na zaunar da shi na yi masa darasi. Na kankare masa Larabcin Sudan daga baki, na ce duk wanda ya tambaye shi, daga Katsina yake. Ya ce, “Tamam,” wato “to” da Larabcin nasu. Muka ci wasa, muka sake ci, har 'yan ajin ƙarshe da ba su taɓa ganin nasara ba suka fara kirana “Koc”.

Sai ƙuri'a ta haɗa mu da Sudan.

Na tsara komai, amma na manta da hannunsa. Mutanen Sudan in za su gaisa, sai sun dafa kafaɗar juna kafin musafaha. Da aka jeru ana gaisawa kafin wasa, Usman ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗa, yana tambayar lafiyar gida. Kyaftin ɗinsu ya riƙe hannunsa, ya tambaye shi daga ina. Bawan Allah ya ce Katsina.

Babban baƙonmu a ranar wani dattijo ne daga ofishin jakadancin Najeriya. Yana jin haka ya matso da fara'arsa.

“Ashe ɗan gida ne. Ɗana, wace unguwa?”

Usman ya juyo ya dube ni. Dattijon ya bi idonsa, fili gaba ɗaya ya bi na dattijon. Na buɗe baki na ce, “Ranka ya daɗe, ba mu zo nan a darasin ba.”

Ba a ko busa usur ba aka kore mu, aka haɗa mana da dakatarwa a shekara mai zuwa. 'Yan ajin ƙarshe suka koma Najeriya ba wanda ya yi mini sallama. Usman kuwa ya koma wajen 'yan ƙasarsa, ya ci musu kofi.

Darasin da na ɗauka bai da yawa: in za ka ara wa mutum gari, to ka fara zuwa garin. Ni kaina ban taɓa taka Katsina ba.