Yadda Za Ka Auri 'Yar Mai Kabeji da Gumin Zanzaro

Kai, matso nan. Kana son Raliya, na sani. Mahaifinta, Alhaji Usumanu Jika, ya ce ba ya ba malalaci 'ya. Ya yanka maka fangali ashirin na kabeji a lambunsa na bakin tsohon ramin kuza, ya miƙo maka injin feshi, ya ce: "Kabejin nan ya shiga kasuwar Farin Gada lafiyayye, in sa muku rana. Tsutsa ta riga ka, kada in ƙara ganin takalminka a ƙofata." Kai kuwa tun da aka haife ka ba ka taɓa ɗaukar abin da ya fi wayarka nauyi ba. Share zufa. Bi matakan nan shida, aure kamar an ɗaura.

Mataki na 1: Karɓi injin da hannu biyu

Durƙusa ka ce, "An gama, Baba." Goya injin, ka yi tafiyar jarumai har ka sha kwana. Cike da ruwa abin nan ya kai nauyin ɗan akuya, kuma ƙashin bayanka guda ɗaya ne. Jingine shi a gindin mangwaro. Kun rabu ke nan.

Mataki na 2: Kada ka taɓa ciyawa

A gefen lambun akwai ragowar karas da aka manta ba a tone ba, har ya yi fure. Manomin kirki zai tumɓuke shi. Kai ba shi ba ne. Shimfiɗa buhu kusa da shi, ka kishingiɗa. Za ka ga wasu 'yan ƙwari da ba su kai sauro ba suna shan furen. Ko korarsu kada ka yi, ɗaga hannu ma aiki ne.

Mataki na 3: Jure wa maƙwabci

Baba Gyang, mai lambun da ke jikin naka, feshi yake yi duk Talata da Asabar, har tsutsarsa ta saba, tana shan maganin kamar kunu. Zai leƙo ta kan shinge.

"Oga ango! Yau ma barci? Tsutsa ya fara cin sadakinka fa!"

Kada ka tashi. Buɗe ido ɗaya ka ce, "Baba, ina nazari ne." Masana sun tabbatar ba a taɓa kama mai nazari da laifin lalaci ba.

Mataki na 4: In tsoro ya kama ka, zauna a kan hannunka

A mako na huɗu za ka ɗaga ganye ka ga huji, ga tsutsa koriya shar, ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa manne a ganyen. Za ka ce ƙwan tsutsa ne, ka fara murje su da babban yatsa, karo na farko a rayuwarka da ka yi aiki ba a sa ka ba.

A nan Raliya za ta iso da kwanon abinci. Ka tuna aikin gona take karanta a jami'a.

"Innalillahi! Me kake kashewa?"

"Maƙiya, ranki ya daɗe."

"Ma'aikatanka ne! Wancan ɗan zanzaron da ke shan furen karas, macen ce ke soka wa tsutsa ƙwai a ciki. Ɗan ya ƙyanƙyashe, ya cinye ta daga ciki, ya fito ya naɗe kansa a wannan farin abin. Kowane ɗaya sabon zanzaro ne. Da ka yi feshi, da su za ka fara hallakawa. Nawa ka murje?"

Ka ce uku. Sun fi arba'in, amma ka ce uku.

"Wata guda ba ka yi komai ba, abu na tafiya daidai. Don Allah koma ka kwanta."

Ka yi mata biyayya. Alama ce ta miji nagari.

Mataki na 5: Shirya wa ranar yanka

Shafa laka a gwiwar wando. Kabeji ya ƙulle tamau, ganyen waje kaɗai ke da 'yan huji, a ɓare a yar. Alhaji zai ɗaga guda, ya jinjina, ya yi murmushi. Sai Baba Gyang ya leƙo.

"Alhaji, wallahi yaron nan ko sau ɗaya bai yi feshi ba! Kaza ya yi ƙwai a kan injin!"

Kada ka gudu. Gyara tsayuwa ka zazzage duk abin da Raliya ta faɗa, da muryar mutumin da ya gano shi da kansa. In ka kakare, dubi bayan Alhaji, tana can tana motsa maka baki.

Mataki na 6: Amsa tambayar ƙarshe

Alhaji zai saurara har ka gama, ya shafa gemu.

"To, na ji. Zanzaro ya kashe tsutsa, karas ya ciyar da zanzaro, Raliya ta hana ka ɓarna. Kai me ka yi?"

A nan samari da yawa ke ƙirƙiro ƙarya su faɗi. Sunkuyar da kai ka ce:

"Baba, ban sa musu baki ba."

Zai kalle ka sama da ƙasa. Sannan ya ce, "Shekara talatin ina neman namijin da zai ga aiki na tafiya daidai ya ƙyale shi. Turo magabatanka ranar Juma'a."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu bai san ka ba, bai san lambunka ba, kuma bai taɓa shuka ko albasa ba. In zanzaron unguwarku ma malalaci ne irinka, ko tsutsa ta fi ƙarfinsa, ko Alhaji ya sake lissafi ya ga ashe zanzaron ne ya cancanci 'yar, kada ka neme ni. In an kira ka ɗaurin auren, ka je da goro.