Kwamfuta Mai Gidan Zanzaro

Ranar Litinin da ta wuce da ƙafa na taka tun daga gida har ajinmu, saboda 'yan kabu-kabun Gusau duk suna layin mai, layin nan da aka ce mana tun bara an yi masa sallama ta har abada. Ban damu ba. Mai shekara saba'in da ɗaya da ya koma ɗalibi ba ya ƙorafi a kan tafiyar ƙasa. Na isa, na cire takalmi kamar yadda na saba, na tura ƙofa da sallama. Tebura goma ne suka karɓe ni. A kan kowanne akwai ɗan fili mai kusurwa huɗu da ya fi sauran katakon haske, inda kwamfuta take zama. Kwamfutocin kuwa babu ko ɗaya.

Bari in koma baya kaɗan saboda wanda bai san ni ba. Sunana Dalhatu. Aji huɗu na yi a firamare a Ruwan Bore kafin mahaifina ya ce gona ta fi malam buƙatata. Tun ina yaro nake da wata lalura: in na ga abin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba, sai na rubuta shi. Jakin da aka sayar a kasuwar Mada sau uku, sau ukun yana komawa gidan mai shi na farko kafin mai shin ya isa. Ƙanƙarar da ta sauka a gona ɗaya tak a Kekun Waje, ta bar ta hagu da ta dama. Wanzamin da ya yi kwana sha tara yana atishawa, kuma bai fasa aski ba. Guda arba'in da ɗaya na tara a wani littafi mai baƙin bango, da shekara da sunan wanda ke tsaye kusa da ni. Daminar bana gara ta shiga akwatina ta ci kusan rabinsa.

Ana cikin haka Kwamitin Kai Zamani Lungu da Saƙo ya buɗe mana cibiyar koyon kwamfuta a unguwa. Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa kaifi, shi ya zo da kansa ya yanka ƙyallen. Washegari na je na rubuta sunana.

Malaminmu, Malam Tajuddeen, mutum ne mai haƙuri. Shi ya fara gaya mini abin da ake kira bulog.

"Baba, kamar ka shimfiɗa tabarma ne a bakin hanya. Ka zauna ka faɗi abin da ke ranka, mai wucewa ya tsaya ya ji, ko daga Makka yake."

Na ce, "Gara fa?"

Ya ce, "Gara ba ta da ƙofar shiga."

Matsala ɗaya ce: intanet ɗin cibiyar bai iso ba. Yana hanya. Na tambaya ko wace hanya ya biyo, don in aika a tarye shi, Malam ya ce in dai rubuta in adana a cikin kwamfuta, ranar da ya iso sai mu tura. Aka ba ni kwamfuta ta bakwai. Ba ta fi sauran kyau ba, amma a bayanta, daidai inda iska ke fita, zanzaro ta gina gidanta na laka, ɗaki uku a jere. Na roƙi mai shara kada ya taɓa. Ni ina rubutu ta gaba, ita tana gini ta baya, babu mai shiga harkar wani.

Mako bakwai na yi da yatsa ɗaya. Abin da gara ta bari na kwafa, abin da ta ci na matso shi daga ƙwaƙwalwa da ƙyar, wani sai na yi kwana biyu ina neman sunan mutum guda. Ranar da na gama na arba'in da ɗaya na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya sauke hatsi a rumbu. Na miƙa wa uwargida Maijidda ragowar littafin na ce, "Hura wuta da shi, mun shiga zamani." Ta dube ni, ta dubi littafin, ta ce tuwon ranar dai zai yi ilimi.

To ka ji abin da ke cikin kwamfuta ta bakwai. Babu shi a takarda, babu shi a intanet, kuma kaina yanzu ba ya riƙe abin da na ci jiya, balle sunan wanda ya tsaya kusa da ni a Mada shekara hamsin da suka wuce.

Na sami Malam Tajuddeen a bayan aji yana kallon ƙasa.

"Malam, ina ɗalibanka na ƙarfe?"

"Sun ɗan fita aiki, Baba."

"Wane aiki? Ni na ɗauka mu ne aikinsu."

Bara'atu ce ta amsa. Tela ce, uwar 'ya'ya huɗu, ita ke zama a ta takwas, kuma ta riga mu duka wayewa, don tana da nata bulog ɗin a waya, inda take kawo labaran fasaha. Kullum da safe sai ta karanta mana: an ƙera motar da ke tuƙa kanta, an yi na'urar da ke rubuta wa mutum wasiƙa, an yi agogon da ke gaya maka zuciyarka ta gaji. Na taɓa ce mata wannan agogon ba zai yi kasuwa a nan ba, kowa ya san tasa ta gaji. Ranar nan kuwa labarin gida ta kawo.

"Baba Dalhatu, zo ka ga ci gaba. An buɗe sabuwar cibiyar kwamfuta a Bungudu yau da safe."

Ta nuna mini hoto. Ga Sarkin Almakashi, ga ƙyalle, ga kwamfutoci goma sababbi fil. Na ce ta jawo mini ta gefen taga kusa. Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton. Ɗaki uku na laka, a jere.

Na ce, "Bara'atu, bar zancen motar da ke tuƙa kanta. Mu nan muna da kwamfutar da ke zuwa Bungudu ba tare da ta gaya wa kowa ba."

Na tafi wajen maƙwabcina Attahiru, mai babur da baƙar magana. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai dai Dalhatu, mi ya kai ka ba ƙarfe ajiya? Da ni ka ba, da yanzu na manta, amma ka san inda nike."

Duk da haka ya yarda ya kai ni a babur ɗinsa, amma sai da muka yi rabin yini a layin mai. A can na ga wani abin da ya cancanci shiga littafi, mutum ya kawo janareta a kan amalanke yana lallashinsa kamar mara lafiya, amma babu inda zan rubuta. Muka isa Bungudu la'asar sakaliya. Ƙyallen da aka yanka yana nan a ƙofa yana lilo, fentin bango bai gama bushewa ba. Na leƙa ta taga. Tebura goma.

Maigadin ya ce, "Kun makara, Baba. Ana gama tafi aka loda su. Alhamis Tsafe za a buɗe."

Ka duba hikima, mai karatu. Daga Bungudu zuwa Tsafe sai an ratsa Gusau. Wato motar ta wuce ta kusa da ajinmu, da jakina da ƙanƙarata da wanzamina a cikinta, ba ta ko rage gudu ba. Masu cewa manyanmu ba su iya tattali ba su zo su ba ni amsa. Wace ƙasa ce za ta wadata gari uku da kwamfuta goma?

Alhamis muka shiga mota ni da Bara'atu, muka yi addu'ar da kowa ke yi yanzu kafin ya hau hanyar Tsafe. Ta ce, "Baba, in ka samu ka buɗe rubutun, ka riƙa sauke shi a hankali. Ni zan tsaya bayanka ina ɗaukar hoton kowane shafi. Kada ka yi sauri."

Na ce, "'Yata, ban taɓa yin sauri a kan kwamfuta ba."

An kafa rumfuna, an jera kujeru, maroƙa suna ta aiki. Janareta ƙarami ne, kwamfuta ɗaya kawai zai iya ɗauka, kuma Allah da ikonsa ta bakwai aka jona, don ita ce ba ta gardama wajen tashi. Sarkin Almakashi ya iso bayan azahar, ya yanka ƙyalle da ƙwarewar wanda ya daɗe a sana'a. Sai mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce ko akwai wani daga cikin al'ummar da za su amfana da zai zo ya taɓa na'urar a gaban Mai Girma. Babu wanda ya tashi cikin al'ummar, don yawancinsu a mota aka kawo su, kamar kwamfutocin. Na ɗaga sandata.

Na zauna. Na leƙa baya na gaida gidan zanzaro, na sa yatsana, na buɗe. Ga su nan, duka arba'in da ɗaya. Sai da idona ya kawo ruwa.

Mai gabatarwa ya leƙo, ya ja da baya, ya kwarma ihu: "Jama'a, ku ga ikon Allah da aikin Mai Girma! Minti biyar da buɗe cibiya, dattijon Tsafe ya rubuta shafi goma sha ɗaya!"

Aka yi tafi. Ban gyara masa ba, ni da ban taɓa kwana a Tsafe ba. Na karɓi lasifikar na fara karantawa daga na ɗaya, ina saukewa a hankali, ina jin ƙarar wayar Bara'atu a bayan kunnena. Jakin Mada ya ba mutane dariya. A na tara Mai Girma ya duba agogo. A na sha huɗu ya gyara babbar riga, direbobi suka tayar da motoci, wani ya nufi janareta zai kashe. Saura ashirin da bakwai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Na ƙarshen a kanka yake."

Ya koma ya zauna. Ya ɗaga hannu, aka kashe motoci. Na taɓa ganin an tsayar da ingarma da tsawa, amma ban taɓa ganin abin da ke zaunar da babban mutum kamar alkawarin za a ambace shi ba. Ya sha wanzami mai atishawa, ya sha kazar da ta reni 'yan kyanwa, ya sha rijiyar Ruwan Bore da ruwanta ya yi ɗanɗanon tsamiya shekara guda cur. Janareta ya fara tari a na talatin da takwas. A na arba'in da ɗaya Bara'atu ta taɓa kafaɗata, ta ce a hankali, "Sun shiga duka, Baba."

Mai Girma ya miƙe wuya. Babu komai a kansa a cikin rubutun, sai na rufe ido na karanto daga sama.

"Na arba'in da biyu. Na ga mutum ɗaya, da almakashi ɗaya, da kwamfuta goma, ya buɗe cibiya uku a gari uku, kuma ko ɗaya daga cikin goman ba ta ɓata a hanya ba. A shekara saba'in da ɗaya ban ga kamarsa ba."

Maroƙa suka ɗauka. Mai Girma ya rungume ni, aka yi mana hoto, ya ce irin waɗannan dattawa masu faɗin gaskiya ƙasa ke nema. Janareta ya mutu a kan tafin.

Yanzu duk suna bulog ɗin Bara'atu, tsakanin motar da ke tuƙa kanta da agogon zuciya. Ta kuma buga mini su a takarda, na sa a gwangwani mai murfi, na hana Maijidda sanin inda yake. Wani ya rubuto daga Mada ya ce jakin na kakansa ne, kuma sau huɗu ya dawo, ba uku ba. Attahiru ya ce ka ga amfanin zamani, yanzu daga nesa ma ana iya ƙaryata ka.

Kwamfutocin ba su dawo ba tukuna. Malam Tajuddeen ya ce suna hanya, wataƙila su haɗu da intanet su iso tare. Muna zuwa aji kullum, ya zana mana madannai da alli a kan tebur, muna dannawa.

Wadda na fi tausaya wa zanzaro ce. Ta fita ɗebo laka a Gusau, ta dawo ta tarar gidanta ya tafi buɗe cibiya. A duk unguwar ni da ita ne kawai muka yarda da Kwamiti har muka ba shi ajiya. Jiya na gan ta ta fara sabon gini a bayan allon da ke ɗauke da sunan Mai Girma, wanda aka kafa da siminti a ƙofar cibiya. Ko aji ɗaya ba ta yi ba, amma ta riga ni gane abin da ba a lodawa a mota.